Tsohuwar Kwamfuta: A Gyara Ta Ko A Sayi Wata?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Daura ya rubuto cewa kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda ya saya ta hannu, ta yi nauyi wajen aiki, kuma tana ɗaukar zafi har ta kashe kanta. An ba shi shawarar ya haƙura ya sayi wata, yana neman jin ra'ayinmu.

Amsa: Malam, ban ga dalilin rabuwa da ita tun yanzu ba, domin duk abin da ka lissafa yana da magani. Yawancin zafin nan ƙura ce ke jawo shi. Ƙurar hunturu takan taru a fankar da ke ciki har ta toshe hanyar iska, sannan zafin bazara, wanda a watan Afrilu kan haura digiri 40 a yankinmu, ya zo ya tarar da ita a shaƙe. Ka sa mai gyara ya buɗe ta a gabanka, ya share fankar, ya kuma goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya shafa sabo. Kai ma ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, saboda yawancin irin waɗannan kwamfutoci ta ƙasa suke jan iska.

Batun nauyi kuwa, a nan nake so ka kashe kuɗinka. Idan ma'ajiyar bayananta tsohuwa ce mai faifai mai juyawa, a sauya ta da SSD, wato ma'ajiyar zamani marar faifai, domin babu wani gyara guda da ke ƙara wa tsohuwar kwamfuta sauri kamar wannan. Idan RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, giga 4 ne kuma akwai gurbi, a kai shi 8. Amma ka kwashe takardunka da sakamakon ɗalibanka zuwa filashi kafin kowa ya taɓa ta.

Akwai abin da ya kamata ka sani: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da suka girmi zubi na 8. Idan taka ta faɗa cikin waɗannan, manhajar Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, kyauta ce, kuma ta wadatar wajen rubutu da shiga intanet.

Idan batirin ya kumbura, a cire shi nan take, don yana iya kamawa da wuta. Inda kawai zan ce ka haƙura shi ne idan babban allon cikinta ne ya lalace, har kuɗin gyaran ya haura rabin farashin wata irinta.