Amsa ga mai neman injin tur na farko

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son injin tur don sassaƙar ƙarfe a gida nan Maraɗi, ka riƙa yin buloli da ƙananan kayan moto, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin sabo ƙarami ɗan Sin da tsoho babba ɗan Turai.

Fara duba kuran ɗin gidanka. Yawancin tsofaffin nan 380 tirifaz, wato kuran mai layi uku, suke ci, gidaje kuwa galibi 220 ake ja musu. In duk da haka ranka na kan tsoho, gwada gadonsa, wato dogon ƙarfen da keken wuƙa ke tafiya a kai, domin kusa da mandaran, kan da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙa, yake cinyewa. Kawo keken da ke ɗauke da wuƙa kusa da mandaran, ɗan matse makullinsa, ka tura shi zuwa wutsiya, wato ɗaya ƙarshen gadon. In ya cije a hanya, gadon ya ci, aikinka zai riƙa fita gefe ɗaya ya fi kauri. Gyaransa tsada gare shi, rabu da shi.

Ƙaramin ɗan Sin mai 180 × 350 mm, wato iyakar kauri da tsawon ƙarfen da yake iya juyawa, ya ishi mai koyo. Ramin tsakiyarsa 20 mm ne, ƙarfen da ya fi haka kauri ba ya shigewa ta ciki. Rauninsa biyu: katin da ke sarrafa gudu yana ƙonewa in kuran na hawa da sauka, don haka kada ka kunna shi ba regilatar, sannan giyoyin roba na cikin kai suna karyewa in wuƙa ta kafe. Sayi na canji tun ranar farko. In aljihu zai ɗauka, ni dai na fi son mai 250 × 550 da ake sauya wa gudu da bel.

Tabbatar yana yanka zare na milimita, kuma duk giyoyin canjinsa na nan: bulo mai kaurin 6 mm (M6) takinsa, wato tazarar zarensa, 1 mm ne, na 8 mm (M8) kuwa 1,25. Ka ware kuɗin wuƙaƙen HSS (ƙarfe mai tauri na yankan ƙarfe) na 8 mm, dutsen wasawa da ma'aunin kauri.

Bakin wuƙa ya zauna daidai tsakiyar ƙarfe, in ba haka ba zai bar ɗan tsiro a tsakiya ko ya yi ta gurza. Ƙarfe mai taushi na 25 mm, juyi 350 a minti ya isa. Lokacin hunturu share gado ka sa mai kafin aiki, ka rufe bayan aiki, don ƙura da mai in suka haɗu cin ƙarfe suke. Ban da babbar riga ko rawani mai reto, kuma kada ka taɓa barin makulli cikin mandaran.