Filin Lafiya: Maganin hawan jini, kumburin ƙafa da tarin da ya ƙi jin magani

Mahaifiyata tana da shekara 62. Wata uku ke nan aka ɗora ta a kan amlodipine 10mg. Jinin ya sauka, amma da yamma ƙafafunta suna kumbura har takalmi ba ya shiga. Mai kemis na unguwarmu ya ce ta haɗa da maganin fitsari Lasix, ƙanwarta kuma ta ce ƙoda ce ta taɓu, ta daina sha. Wanne za mu bi?
Wata 'yar'uwa, Tudun Wada

Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku bi ko ɗaya. Kumburin idon sawu shi ne kukan da masu shan amlodipine suka fi kawowa, ya fi faruwa ga mata, ya fi yawa a 10mg fiye da 5mg, kuma zafin bazara na ƙara shi. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, amma waɗanda ke mayar da jinin sama ba sa buɗewa daidai da su, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama. Wato ruwan jikinta bai ƙaru ba, wuri ya sauya. Shi ya sa Lasix ba ya yin abin kirki a nan: zai sa ta yi ta fitsari, ya rage mata sinadarin potassium, ta tashi tsaye jiri ya ɗebe ta, kumburin kuma yana nan daram.

Kumburin da maganin ke kawowa yana kama ƙafa biyu, yana tsananta da yamma, da safe ya saɓe ko ya ragu sosai. Ku koma wurin likitan da ya rubuta shi. Sau da yawa yakan rage zuwa 5mg ya haɗa da losartan ko lisinopril, waɗanda ke buɗe ɗaya ɓangaren jijiyoyin, jinin ya zauna ƙasa da 140/90 kumburin kuma ya ja baya. Kafin ranar asibiti, ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi idan ta kishingiɗa, ta rage doguwar zama ƙafa a rataye.

Amma tsoron ƙanwarta ba na banza ba ne, domin hawan jinin kansa yana cin ƙoda. Ku nemi a yi gwajin fitsari da na creatinine, wato gwajin jini mai nuna aikin ƙoda. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura da zafi da ciwo, ko numfashi na sarƙewa in ta kwanta, ko fuska na kumbura da safe, wannan ba aikin amlodipine ba ne, ku kai ta asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika ko asibitin Gambo Sawaba na Zariya a ranar. A kuma duba dasashinta lokaci-lokaci, maganin kan sa ya yi kauri ga wasu, musamman in ba a goge baki da kyau.

Ina shan lisinopril 10mg. Tun da na fara nake fama da busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, ya fi damuna da dare. Na sha maganin tari kala-kala, an yi gwajin tarin fuka ba a ga komai ba.
Malam I., Sabon Gari

Malam, da alama maganin ne. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu shan lisinopril da 'yan'uwansa, irin su enalapril da ramipril, suna yin wannan tarin. Maganin yana hana jiki rusa wani sinadari mai suna bradykinin, shi ke taruwa ya riƙa sosa maƙogwaro. Babu maganin tarin da zai kashe shi, har ma wasu magungunan mura masu ɗauke da pseudoephedrine suna ɗaga jini. Likita zai iya mayar da kai losartan, wanda aikinsu kusan ɗaya amma da wuya ya sa tari. Bayan sauyin, tarin kan ɗauki mako 1 zuwa 4 kafin ya tafi, wani lokaci har wata 3.

Abin da ba ya jira shi ne kumburin leɓe, harshe ko fuska. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya toshe numfashi. Wanda ya ga haka ya ajiye maganin ya nufi sashen gaggawa nan take. Sannan duk mai shan lisinopril ko losartan ya kamata a auna masa ƙoda da potassium mako 1 zuwa 2 bayan farawa ko ƙarin awo, gwajin da mutane da yawa ke tsallakewa saboda kuɗi. Kuma kada a sam wa mace mai ciki ko mai neman ciki ko da ƙwaya ɗaya ta lisinopril ko losartan, suna lalata ƙodar jariri. Masu ciki methyldopa, nifedipine ko labetalol ake ba su.

Ina shan Moduretic da lisinopril, ina kuma shan diclofenac kusan kullum saboda ciwon gwiwa. Jinin ya ƙi sauka duk da ina shan zoɓo.
Hajiya R., Samaru

Hajiya, diclofenac ɗin nan ne muka fi zargi. Shi da ibuprofen da piroxicam suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su rage ƙarfin maganin hawan jini. Haɗa su da maganin fitsari irin Moduretic da kuma lisinopril kuwa hanya ce sananniya ta raunana ƙoda, balle a lokacin zafi. Ki koma paracetamol, 1g a sha ɗaya, kada ya wuce sau 4 a yini, ki je a duba gwiwar da ƙodar. Moduretic yana ɗauke da amiloride mai riƙe potassium, lisinopril ma haka, don haka gwajin jini ya zama dole a gare ki.

Ki kuma leƙa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai gram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Kanwa ma tana ɗauke da sodium, sinadarin da ke cikin gishiri. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da zafin wankan jego. Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke jini, amma bai kai matsayin magani ba.

Yaya zan yi da magani in ina azumi, kuma in na manta ban sha ba?
Ɗalibi, Kongo

Yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a yini, sai a mayar da su lokacin buɗa-baki ko sahur, a tsaya a kan lokaci ɗaya. Maganin fitsari ya fi dacewa da buɗa-baki, don kada ka wuni cikin ƙishi da jiri. In ka manta amlodipine ka tuna kafin awa 12 su wuce, ka sha. In sun wuce, ka bari sai lokacin gobe, kada ka ninka. Mai gudawa da amai ko zazzaɓin da ya hana shi shan ruwa ya tuntuɓi likita, domin akan dakatar da lisinopril, losartan da maganin fitsari na kwana ɗaya ko biyu har ya farfaɗo.

Awona ya dawo 125/80. Zan iya daina shan maganin?
Alhaji M., Ƙofar Doka

A'a, Alhaji, maganin ne ya kawo shi nan. In ka ajiye, cikin kwanaki ko makonni zai koma inda yake ba tare da ka ji komai ba, masu shan atenolol kuwa yanke shi farat ɗaya na iya tayar da bugun zuciya da ciwon ƙirji. In kana son a rage maka, ka auna a gida kwana 7, safe da yamma, bayan zaman minti 5, hannu a kan tebur daidai ƙirji, awo biyu kowane zama, ka rubuta ka kai wa likitanka.