Tambaya da Amsa: Baba yana cibiyar gashin ƙashi a Jidda, kuɗi na tafiya, sauƙi bai zo ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina, wanda ya haura shekara 70, ya samu shanyewar ɓarin jiki a nan Jidda, kuma bayan an sallame shi daga asibiti muka kai shi wata cibiyar gashin ƙashi mai zaman kanta. Lokacin da inshora ke biya, sai suka ce ya samu sauƙi mu ɗauke shi, amma da muka koma biya daga aljihunmu, sai maganar ta juya, kullum ana ce mana ya ƙara wata guda. Yanzu ga gyambo ya fito masa a ƙugu. Shin mu bar shi, mu mayar da shi gida, ko mu kai shi Kano? Daga wata mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri.

Abin da kika gani yana da dalili. Kamfanin inshora yana samun riba ne idan ya taƙaita kwanakin jinya, ita kuwa cibiyar kuɗi ribarta tana cikin gadon da bai zauna babu kowa ba, saboda haka majinyaci ɗaya zai iya zama wanda ya warke a wannan wata, ya koma mai buƙatar kwanciya a wata mai zuwa, gwargwadon wanda ke biya. Ban ce duk ma'aikatan haka suke ba, domin akwai masu tsoron Allah a cikinsu, sai dai tsarin ne yake jan kowa zuwa inda kuɗi yake.

Don haka kada ki auna jinyar da yawan kwanaki, ki auna ta da abin da Baba yake iya yi. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan ƙarfin da ke dawowa bayan shanyewar ɓarin jiki yana dawowa ne a watanni uku zuwa shida na farko, kuma motsa jiki na kullum ne ke kawo shi, ba kwanciya ba. Ki nemi a ba ki tsarin jinyar a rubuce: sau nawa ake gasa shi a mako, minti nawa, kuma me ake sa ran zai iya nan da mako biyu. Shin yana zama a bakin gado ba tare da an tallafe shi ba? Yana riƙe cokali ya kai bakinsa? Yana haɗiye ruwa ba ya ƙwarewa? Idan mako huɗu suka wuce babu ɗaya da ya canja, kuɗin ɗaki kawai kuke biya.

Gyambon nan shi ya fi tayar mini da hankali, domin wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi ne kusan duk awa biyu, kuma fitowar gyambo alama ce ta cewa an bar shi a ɓari ɗaya. Ki ɗauki hoton gyambon, ki karɓi rahoton likita da takardar kuɗi mai bayyana kowane abu daki-daki, sannan ki kira lambar Ma'aikatar Lafiya, 937, ki shigar da ƙorafi. Abin da ya shafi inshora kuwa, Hukumar Inshora ta Saudiyya (Insurance Authority) ce ke sauraren ƙara a kan kamfanonin.

Game da Kano, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma kada a ɗora shi a jirgi sai likita ya amince, kuma ku fara tantance wanda zai riƙa kai shi a kai a kai. Idan hawan jininsa ya daidaita, kuma akwai mai kwana da shi, shawarata ita ce ku dawo da shi gida a nan Jidda, ku ɗauki mai gashin ƙashi wanda ke da lasisi ya riƙa zuwa, ya kuma koya muku yadda ake juya shi da ɗaga shi.