Hukuncin sanya wa motar a-kori-kura matakala mai aiki da lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina da mota ƙirar Toyota Hilux da nake zirga-zirga da ita tsakanin gari da ƙauyuka. Mahaifiyata ta manyanta, ga ciwon gwiwa, duk ranar da za a kai ta asibiti sai an ajiye mata kujera 'yar tsugunno ko kuma mu ɗaga ta, ita kuwa tana jin nauyin hakan. Na ga wata matakala da ake ɗaura wa irin waɗannan motoci, wadda ke fitowa da kanta idan an buɗe ƙofa, ta koma ƙarƙashin mota idan an rufe, sai dai kuɗinta ya ninka na matakalar da ba ta motsi. Yayana ya ce almubazzaranci ne da son a gani. Akwai kuma bashin wani abokin ciniki a kaina, wa'adinsa sai bayan girbi. Shin ya halatta in saya? Idan mai ɗaurawar ya lalata wayoyin motar, wa zai biya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malamai ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san yadda yake. Wannan matakala faranti ne mai tsawo da aka ɗaura a kan hannuwa na ƙarfe, wani ɗan ƙaramin inji da ke jan wuta daga batirin motar shi ke tura ta waje da zarar ya sami alamar cewa an buɗe ƙofa, ya kuma janye ta jim kaɗan bayan an rufe. Kamfanin AMP Research na Amurka ya shahara da ƙera ta, wasu manyan motoci irin su Lincoln Navigator kuma da ita suke fitowa tun daga masana'anta. Ta fi matakalar da ba ta motsi da abu biyu: tana saukowa ƙasa sosai yadda tsoho zai taka ba tare da ɗaga ƙafa da yawa ba, sannan idan mota na tafiya tana lafewa a jikinta, ba ta rage tazarar da ke tsakanin motar da ƙasa balle ta bugi dutse ko tudu a hanyar ƙauye. Ke nan abin yana da amfani na zahiri wanda ya wuce kwalliya.

Asalin irin waɗannan abubuwa halal ne har sai an sami dalilin da ya hana. A aya ta 8 ta Suratun Nahli Allah ya ambaci dawakai da alfadarai da jakuna, ya ce ya halicce su domin a hau su kuma su zama ado, sannan ya ce yana halittar abin da ba ku sani ba, kuma malaman wannan zamani da dama sun shigar da mota da jirgi a ƙarƙashin wannan gaɓa. Ayar ta haɗa hawa da ado a wuri guda, don haka ko da ƙawa kaɗai mutum ya nufa bai yi laifi ba muddin bai ƙetare iyaka ba. Ibnu Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace tagari da gida mai yalwa da maƙwabci nagari.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne dalilin sayen. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa a hanyar dawowa daga Khaibara, shekara ta 7 bayan hijira, Annabi yakan durƙusa kusa da raƙuminsa ya kafa gwiwarsa, uwar muminai Safiyya ta ɗora ƙafarta a kai har ta hau. Wato shi da kansa ya zama matakala ga iyalinsa. A wani hadisin na Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, an ƙidaya taimaka wa mutum ya hau dabbarsa cikin ayyukan sadaka. Idan haka lamarin yake ga kowane mutum, to ina ga uwa da tsufa ya riska a wurinka, wadda ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i suka yi umarni da a sassauta mata? Dattijuwa da ta saba yi wa kanta komai tana jin ciwon a ɗaga ta a bainar jama'a a ƙofar asibiti, kuma kare mata wannan mutunci yana cikin biyayyar iyaye. Saboda haka a wurinka abin ya tashi daga halal kawai ya zama abin so da ake fatan lada a kansa.

Yayanka bai faɗi magana marar tushe ba, domin Alƙur'ani ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, sai dai ya ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Almubazzaranci shi ne kashe dukiya a inda bai dace ba, israfi kuma wuce gwargwado a abin da ya halatta, ma'auninsa kuwa halin mutum ne, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Abin da yake israfi ga wanda gidansa babu abinci ba lallai ya zama israfi ga mai wadata ba. Son a gani kuma a zuciya yake, kai ka fi kowa sanin taka. Wanda ya ɗaura ta domin ya tsaya a wurin biki mutane su yi ta kallo, ya ji ya fi su, ya yi laifi da niyyarsa, ba da ƙarfen ba. Ka yi wa yayanka bayani cikin ladabi, shi ma mahaifiyarsa ce.

Bashin da wa'adinsa bai cika ba ba ya hana ka sarrafa dukiyarka, da sharaɗin kana da rinjayen zaton cewa sayen ba zai hana ka biya a kan lokaci ba. Idan zai taɓa kuɗin mutane, to haƙƙinsu ne a gaba, domin jinkirin mawadaci zalunci ne kamar yadda ya tabbata a hadisi, sai ka wadatu da matakala mai sauƙin kuɗi har Allah ya hore.

Akwai sharaɗin da ba ka tambaya ba amma wajibi ne in faɗa maka, shi ne kauce wa cutarwa, bisa hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Matakalar abu ne mai motsi da ƙarfin inji a daidai inda ƙafar yaro take kaiwa. Masu inganci suna tsayawa su koma baya idan suka ci karo da wani abu, saboda haka ka gwada wannan da guntun itace a gaban mai sayarwa kafin ka biya, ka kuma tambayi nauyin da take ɗauka. Taɓon damina da ƙura suna cushe mahaɗanta har ta maƙale a rabin hanya, wanda ya taka ta a haka yana iya faɗuwa, don haka wanke ta da duba ta suna wuyanka. Idan ka san ta lalace ka bar mutane suna takawa har wani ya ji rauni, sakacin naka ne kuma akwai lamuni a kanka, wato nauyin biyan ɓarnar. Mai sayarwa da ya ba ka jabu da sunan ta asali ya yi algus, kana da damar mayar masa ka karɓi kuɗinka, haka kai ma ranar da za ka sayar da motar dole ka bayyana aibin da ka sani.

Game da mai ɗaurawa, mazhabar Malikiyya ta ɗora lamuni a kan mai sana'ar da ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, a kan kayan da aka bar masa ya keɓanta da su, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala, sai fa idan shaidu sun tabbatar cewa kayan sun lalace ba da sakacinsa ba. Idan kuwa a gabanka ko a gidanka ya yi aikin, ba zai biya ba sai an ga ganganci ko sakaci ko rashin sanin aikin daga gare shi, kamar ya yanke wayar da bai kamata ba, ko ya haɗa wuta babu fiyus har wani abu ya ƙone. Ku yi yarjejeniya a rubuce kafin ya fara, a bayyana kuɗin aiki da halin da wayoyin motar suke ciki a ranar, ku sa shaidu biyu. Idan motar tana ƙarƙashin garantin kamfanin da ya sayar maka, ka tambaye su tukuna, domin yanke wayoyi yana iya soke shi.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Allah ne mafi sani.