Tambayi Likita: Albasa, Tafarnuwa, Yaji da Dunƙulen Miya

Tambaya: Likita, ina da hawan jini. Na daina zuba gishiri a miya, dunƙule huɗu kawai nake sawa, amma awon bai sauka ba. (Wata Hajiya, Garwa)

Amsa: Hajiya, gishirin yana nan cikin tukunyarki. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, kuma sinadarin da ke ba shi ɗanɗano shi ma yana da sodiyam, wanda shi ne ke tayar da jini. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, huɗu ke nan gishiri wajen giram 8. Ko an raba miyar da iyali, kasonki ba kaɗan ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya, har da na burodi da kilishi. Kanwar da ake sa wa kuɓewa ma sodiyam ce.

Kada ki yanke lokaci ɗaya, mutanen gida za su ƙi miyar. Ki riƙa rage ɗaya duk mako, harshe yana sabawa. Ki cike gurbin da albasa, tunda yankinmu ba a rasa ta: manya biyu, a yanka ƙanana, a soya da wuta kaɗan minti 10 zuwa 15 har ta yi laushi ta ɗan yi ja, a nan zaƙinta ke fitowa. Tafarnuwa a daka ta, a bar ta minti 10, sai albasa ta nuna a zuba, don saurin ƙonewa gare ta, in ta ƙone kuma ɗaci take yi. Sannan daddawa, citta da kimba. Tafarnuwa tana ɗan rage hawan jini, amma ba ta kai ta maye gurbin ƙwayar asibiti ba, ki ci gaba da shan maganinki.

Tambaya: Barkono ne ya jawo mini gyambon ciki? (Wani matashi, Marwa)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Yawanci abu biyu ke kawo shi: ƙwayar cutar H. pylori, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin ibuprofen, diclofenac da aspirin, waɗanda ake saye a tebur kamar alewa. Barkono da attarugu zafin kawai suke tayar wa wanda ya riga ya kamu. Ka je a gwada bayan gida. In an samu ƙwayar, maganinta na kwana 10 zuwa 14 ne, kuma a shanye shi duka. In ka ga baƙin bayan gida ko aman jini, kada ka kwana a gida.

Tambaya: Ina da ƙaramin ciki, tashin zuciya ya dame ni. Zan iya shan citta? Surukata kuma ta fara tanadin yajin jego da kanwa. (Wata amarya, Injamena)

Amsa: Za ki iya, 'yata. Kada dai busasshiya ta wuce giram 1 a yini, wato kamar rabin cokalin shayi, a raba sau biyu ko uku cikin ruwan zafi. In ko ruwa ba ya zama a cikinki, sai asibiti. Yajin jego daidai misali ba laifi. Kunun kanwa ne damuwata: likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shansa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Ki gaya wa Inna cikin ladabi. Kumburin ƙafa ko haki bayan haihuwa ba na jira ba ne.

Tambaya: An ce in manna dakakkiyar tafarnuwa a haƙorin da ke ciwo. (Wani Malam, Kusuri)

Amsa: Kada ka yi, Malam, ɗanyar tafarnuwa tana ƙona dasashi. Kanumfari ɗaya a gefen haƙorin yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ramin yana nan sai likitan haƙori ya duba.

Tambaya: Busasshen barkonona ya yi fumfuna da damina. In shanya shi in daka? (Wata mai abinci, Ngaundere)

Amsa: Zubar da shi, 'yar'uwa. Wannan fumfunar na iya barin gubar aflatoxin mai lalata hanta, kuma rana ko tafasa ba sa kashe ta. Nan gaba ki shanya a kan tabarma har ya riƙa karyewa ƙas, ki rufe a busasshiyar roba mai murfi, nesa da ƙasa da bango.