Riga ɗaya ba ta isa hawan Kilimanjaro ba

Malam, ka tambaya ko jaket ɗaya mai kauri ta isa hawan dutsen Kilimanjaro da ke ƙasar Tanzaniya. Gaskiya ba ta isa ba. Dutsen nan mita 5,895 ne, a ƙasa daji ne ga zafi ga ruwan sama, amma daren da za ku nufi ƙololuwarsa da ake kira Uhuru, ruwan gorarka ma sai ya daskare. Ka riƙa sa kaya bisa kaya: ta ciki mai tsotse gumi, suwaita, jaket, sannan rigar ruwa. Banda auduga, in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri.

Takalmi kuwa don Allah kar ka tafi da sabo fil, ka taka shi makonni tukuna. Ka haɗa da safar hannu, hular sanyi, baƙin tabarau, tocilan ta goshi da ƙarin batir. Jakar da 'yan dako za su ɗaukar maka kar ta wuce kilo 15.