Ga 'yar'uwar da ke tambaya ko ta ajiye aikin sa kai

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, na karanta ta sau uku, na fara rubutu na goge, don ta fama min wani ciwo da na ɗauka ya warke. Kin ce wata bakwai ke nan kina aikin sa kai da ƙungiyar da ke tallafa wa zawarawa da matan da suka gudo daga duka, kin gaji, wayarki ba ta hutawa ko da tsakar dare, kuɗin aljihunki na zurarewa, yanzu kuma shugabarku ta ce duk wadda aka ba tallafi sai an ɗauke ta hoto an saka a shafin ƙungiya. Kina so ki ji ko ki daure ko ki ajiye. Wallahi kamar labarina kika zauna kika rubuta. Shekara shida nake cikin aikin nan, ukun farko a ƙungiya irin taku na yi su.

Da maganar hoton zan fara, ita ce ta hana ni barci.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo mana da yara biyu da ƙullin kaya ɗaya, muryarta a dishe. Na ɗauka mura ce. Sai da ta kwana uku ta ɗan saki jiki da ni, sannan ta janye mayafinta ta nuna min wuyanta. Shatin yatsu ne, huɗu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, sun yi baƙi. Mijinta ne ya shaƙe ta har ta suma. Daga baya, a wani horo, aka koya mana cewa shaƙewa tana cikin manyan alamun da ke nuna mutum zai iya kisa, kuma lokacin da mace ta bar mai dukanta yana cikin lokutan da ta fi shiga haɗari. A ranar dai tausayi kawai nake da shi, babu ilimi.

Muka sama mata ɗaki a gidan wata dattijuwa, nesa da duk inda zai yi tunanin nemanta. Wata huɗu tana koyon ɗinki. Babban yaron ya shiga makaranta. Ina tuna ranar da ta fara yin dariya a gabana, ta kai hannu ta rufe baki kamar ta yi laifi.

Sai lokacin gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata ya zo, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, kin dai san yadda kowace ƙungiya ke son a ga motsinta a kwanakin. Aka samo kekunan ɗinki za a raba, ita ma tana cikin masu samu. Shugabarmu ta ce in ɗauki kowa hoto da kekenta. Na ja ta gefe na ce, ranki ya daɗe, wannan fa a ɓoye take. Ta ce min masu ba da tallafi ba sa zuba kuɗinsu a duhu, in ɗauka kawai, ita da kanta za ta rufe fuskar kafin a saka. Na ɗaga wayata. Matar nan ta dube ni, hannunta a kan keken, ta ce, "Anti, ba za a gani ba ko?" Na ce mata ba za a gani ba. Da bakina na faɗa.

Ba a rufe fuskar ba. An saka hoton a Facebook yadda na ɗauke shi. Abin da ban ma lura da shi ba, a bayanta akwai allon makarantar da yaron ke zuwa, rabin sunan ya fito sarai. Wani ɗan'uwan mijin ya gani. Mijin bai sha wahala ba, ƙofar makaranta ya je ya tsaya har aka tashi, ya bi ɗansa a baya har gida. Ihun dattijuwar nan ne ya tara maƙwabta, da ba don su ba da labarin da nake ba ki ya fi haka muni. Hannun matar tasa na dama ya karye wuri biyu.

Na same ta a gadon asibiti. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dai juyo ta ce, "Anti, ke fa kika ce ba za a gani ba." Sai ta mayar da fuskarta bango. Na tsaya a wurin ban san tsawon lokacin ba, ƙaramar yarinyarta na jan gefen rigata tana so in ɗauke ta.

Ita kuwa shugaba, Allah ne shaidata, tun daga bakin asibitin na kira ta ina kuka na ce a cire hoton nan yanzu. Ta ce tana wurin taro. Kwana biyu hoton ya ƙara a shafin, don ya fi duk sauran samun masu yabawa. Da aka kira zama, a gaban mutum goma sha ɗaya ta dube ni ta ce, "Wa ya ɗauki hoton?" Na ce ni ce. Ta ce to shi ke nan, magana ta ƙare. Babu wadda ta buɗe baki, har waɗanda suka ji da kunnensu lokacin da ta yi alƙawarin rufe fuskar. Ba ta taka ƙafa asibitin ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai, a rahoton ƙarshen shekara sai ga matar nan an lissafa ta cikin waɗanda ƙungiya ta tsayar da ƙafafunsu, alhali ko allura ba ta iya riƙewa. Har gobe ina ganin shugabar a tarurruka tana riƙe da makirfo tana maganar mutuncin 'ya mace, sai in ji zuciyata na tafasa. Na yi ta roƙon Allah ya ba ni ikon yafe mata, ban kai ga hakan ba tukuna. Nawa laifin ma ban gama yafe wa kaina ba. Ni na san matar a ɓoye take, ni na ga wuyanta, kuma ni na danna wayar saboda ina jin nauyin in ce wa babba a'a.

Don haka ƙanwata, kada ki ɗauka. Ko an ce miki ai sun yarda. Macen da ta miƙo hannu tana jiran abin da za ta rufa wa 'ya'yanta asiri, in kin ce ta tsaya a ɗauke ta, za ta tsaya, wannan ba yarda ba ce. Yarda ita ce a gaya mata inda hoton zai je, da su wa za su gani, da cewa in ya shiga intanet ba ya dawowa, sannan ta tabbata ko ta ƙi za a ba ta kayanta cif. Wadda kuma ta gudo daga wani, ko ta yarda ni ba zan ɗauka ba. Inda nake yanzu kayan muke ɗauka, ko hannaye a kan aiki, kuma sai mutum biyu sun duba bayan hoton kafin ya fita: allo, lambar gida, kalar ƙofa, rigar makarantar yaro. Masu ba da tallafi na kirki rasit suke nema da lissafi mai tsabta, ba mu taɓa rasa tallafi don mun ɓoye fuska ba. Sunaye ma haka. Kada ki rubuta sunan mace da matsalarta a zauren WhatsApp na ƙungiya, ba ki san wayar wa mijin wa yake dubawa ba. Mu lamba muke ba kowace, littafin da ke haɗa lamba da suna yana kulle a wuri ɗaya.

Maganar waya kuwa, na yi shekara biyu ina kwana da ita a ƙarƙashin filo. Ranar da 'yata ta ce min, "Umma, in na kira ki a waya za ki saurare ni?" alhali muna ɗaki ɗaya, ranar na sayi wani layi daban. Ki yi haka. Layin aiki daban, ku riƙa karɓa-karɓa da sauran 'yan sa kai, kowa da darenta. In ƙungiyarku ba ta da mutanen da za a yi karɓa-karɓa da su, to ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, kuma a kanki ta sauke. Ki ma tambayi kanki, in mace ta kira ƙarfe biyun dare, me za ki iya yi mata ke kaɗai? Abin da zai amfane ta shi ne takardar da kika tanada tun da rana: asibitin da ke karɓar mutum da dare, ofishin 'yan sandan da ke sauraron irin wannan ƙara, lauyan da ke taimako kyauta, gidan da za a iya kwana. Akwai ɗan littafin agajin farko na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan aikinta a 2011, kan abu uku ya ginu: duba, saurara, haɗa. Wato ki duba ko tana cikin haɗari, ki saurare ta, ki haɗa ta da wanda zai iya. Ba a ce ki zama likita da alƙali da uwa duk a dare ɗaya ba.

Wannan kuma ki rubuta ki manna a bango, don na ga an yi asararsa: in fyaɗe ne, maganin kariya daga cutar HIV dole a fara shi cikin awa 72, ana shan sa kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120. Asibiti ne farko, zaman sulhu da neman mai laifi su biyo baya. Kuma don Allah kada ki taɓa zuwa gidan mijin wata ki yi masa nasiha, ballantana ke kaɗai.

Kuɗi. Hmm. Na bayar har na ci bashi. Ban yi nadamar sadaka ba, amma na ga abin da ta jawo: wadda na ba ta zama 'yar gaban goshi a idon sauran, wadda ban ba ba ta ɗauka na tsane ta, ranar da ban da shi kuma wata ta yi fushi da ni wata guda. In za ki bayar, ki saka a asusun ƙungiya a rubuta, a fitar da sunan ƙungiya. Kuɗin mota da na kati kuma haƙƙinki ne a biya ki, sa kai ba ya nufin ki biya don ki yi aiki. Abin da na ga ya ɗaga mata da gaske ma ba kyauta ba ne, asusun tara kuɗi ne na junansu. Tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da yawa: mata kamar 15 zuwa 25 su riƙa zubi duk mako, su ba junansu rance, akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban, in shekara ta zagayo a raba. Ki ga fuskar mace ranar da ta karɓi rance daga kuɗin da da guminta a ciki, ba irin fuskar da take yi a layin rabon kaya ba ce.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zai same ki. Wata za ki wahala a kanta wata da watanni, rana ɗaya ki ji ta koma gidan wanda ta gudo daga gare shi. Na taɓa yi wa wata faɗa a kan haka, na ce ta watsa min ƙasa a ido. Da abin ya sake faruwa ba ta kira ni ba, kunya ta hana ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, akwai 'ya'ya, akwai rashin abin hannu, akwai tsoro. Yanzu abin da nake cewa kawai shi ne, lambata na nan, ki haddace ta, ki ajiye takardunki da na yara inda hannunki zai kai da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta. Ni da ke ba za mu kwashe wannan da hannu biyu ba, kuma jikinki ma yana da haƙƙi a kanki. Ni sai da na ajiye komai wata biyar, ko ƙarar waya na ji gabana faɗuwa yake.

To ki daure ko ki ajiye? Ki samu shugabarku ku biyu, da ladabi, ki ce ba za ki ɗauki hoton kowa ba sai da yardar da na faɗa miki, kina so a raba kwanan waya, kuma a riƙa biyan kuɗin mota. Ki lura da amsarta a kan hoton musamman. In ta saurara, ki zauna ki taimaka a gyara, wataƙila rashin sani ne irin nawa na da. In ta ce miki masu tallafi ba sa ba da kuɗi a duhu, ki tattara. Amma kada ki ɓace wa matan rana ɗaya, ki gaya wa kowace za ki tafi, ki damƙa ta a hannun wadda kika yarda da ita. Ƙungiyoyin kirki suna nan, ni na samu ɗaya, ranar farko kafin su ba ni ko kujera sai da na sa hannu a takardar riƙe sirri.

Matar nan tana raye, alhamdu lillahi. Hannun bai koma daidai ba, amma an ce min tana ɗinki a hankali. Ta tashi daga inda take, ban nemi sanin inda ta koma ba kuma ba zan nema ba. Hoton na goge shi a wayata tun a asibiti. Ke ma daren nan ki buɗe taki ki duba hotunan matan da ke ciki, da waɗanda kika tura wa wasu. In kina so mu yi magana kafin ki je wurin shugabar, ki turo min saƙo ta gefe, zan kira ki bayan na sallami yara.